Kalma Ɗaya da Ta Rage wa Direba

Tun ranar da Direba ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo yana wanke fuska, kalma ɗaya ce ta rage masa a baki: madalla.

In matarsa ta kawo masa shayi, madalla. In ta zo juya shi a kan katifa, kafaɗar da ta shanye ta bugu har ya runtse ido hawaye ya gangaro, madalla. Mutumin da a da in ya ɓalle da labari a tasha sai fasinja ya manta sauri yake yi, shi ne yanzu zai buɗe baki, jijiyar wuyansa ta miƙe, leɓensa ya yi ta rawa, a ƙarshe abin da zai fito ke nan. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa ɓarinsa na dama, ya taɓa inda magana ke fitowa. Hankalinsa yana nan, yana jin komai, yana gane kowa, kalmomin ne suka ɓuya masa. Likitan ya ja kunne sosai: kada a tsallake ƙwayoyinsa ko sau ɗaya, kuma a riƙa kawo shi ana motsa masa jiki da harshe.

Mai Ɗinki, haka unguwa ke kiran matar, ta janye kekenta daga rumfar ƙofar gida ta shigo da shi ɗaki, ta ajiye a gefen gado inda za ta riƙa ganin ƙirjinsa na hawa yana sauka. Ita dama ba mai magana ba ce. A gidan nan shi ne mai baki, ita ce mai kunne. Shekara da shekaru yana zuba, tana cewa uhm, tana cizon zare. Yanzu shirunta ya haɗu da nasa, ɗakin ya yi mata faɗi.

Ana haka Yaya ya zo. Shi ne wan Direba, shi ya raine shi bayan rasuwar uwarsu, shi ya ɗauke shi yaron mota har ya koya masa tuƙi. Tsoho ne mai faɗin kafaɗa, muryarsa irin ta wanda ya saba magana a kan ƙarar inji. Direba ya yi furfura, ya aurar da 'ya, amma in Yaya ya shigo sai ya sauko daga kujera, kuma Mai Ɗinki ba ta taɓa jin ya dubi idonsa ya ce masa a'a ba.

Yaya ya daɗe yana kallon ƙanensa, sannan ya ja kujerar roba ya zauna.

"Ƙanwata, na yi magana da mai maganin nan na can gida. Ya ce a kawo shi."

"Yaya, ai likita ya ce..."

"Likita ya ce, likita ya ce. Tun yaushe likita yake cewa? Ga shi nan kamar an dasa shi." Ya sassauta murya, don ba mugu ba ne. "Sharaɗin mutumin biyu ne. Maganin asibiti a bar shi a ƙofa, ba ya haɗa nasa da na kowa. Kuma ba a zuwa masa da mace. Ke ki zauna ki riƙe gida."

Ta san wurin, ko da ba ta taɓa takawa ba. Can aka kai mahaifin su Direba da irin wannan ciwon, tana sabuwar amarya. Ita aka ba kayansa ta wanke da aka dawo da su, rigunan duk warin hayaƙi. Kayan kawai aka dawo da su.

"To ku tambaye shi mana, Yaya," ta ce. Tana rufe baki ta san ta yi ɓarna.

Yaya ya sunkuya, ya dafa hannun da ke da rai. "Auta, in kai ka gida a yi maka magani?"

Idon Direba ya je kan matarsa, ya je kan rufi, ya dawo. Bakinsa ya karkace, ya yi ta kokawa.

"Madalla."

"Kin dai ji," in ji Yaya, ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Motata na gareji, an sauke mata inji. Tana tashi zan zo."

Daga ranar Mai Ɗinki ta daina jin ƙarar mota kamar yadda kowa ke ji. In wata ta rage gudu a layinsu sai ƙafarta ta daskare a kan keke, ta kasa kunne har ta wuce. Mai kai wa shagon kusurwa lemo ya kusa kashe ta da tsoro, don shi kullum a ƙofarsu yake juyawa. Ta kira 'yarta da ke aure a nesa, 'yar ta yi kuka ta ce, "Umma, wa zai tsaya gaban Baba Babba?" Ba wanda zai tsaya. Mutum ɗaya ne Yaya zai saurara, shi kuwa madalla kawai ya iya.

Wata safiya tana ɗinke bakin labule, ƙafarta na taka keke, ba ta ma san bakinta na motsi ba. Waƙar da yake yi kullum in zai fita ce, yana ɗaura agogo, yana lalube makulli a aljihun rigar jiya. Ba ta taɓa zama ta koya ba, shekaru ne suka zuba mata ita a kunne.

*Sammako, sammako, gari bai waye ba,*
*Mai hawa ya hau, mai kuka ya share,*
*Gaba tudu, baya kwari, hanya na...*

Zare ya tsinke. Ta tsaya ta kai shi baki.

"Kira," aka ce a bayanta.

Almakashin da ke cinyarta ya faɗi ƙasa. Ta dubi ƙofa, ba kowa. Ta dubi taga, ba kowa. Muryar ta yi kama da ta wanda ya daɗe da tafiya ya leƙo. Da ƙyar ta juya ga gado. Direba ya zaro ido, shi ma a tsorace, hannunsa na hagu a kan ƙarfen gado, yatsunsa na ɗan bugawa daidai da takun keken da ya tsaya.

"Maigida, kai ne?"

"Madalla," ya ce, hawaye na bin kuncinsa.

Ta mayar da ƙafa kan keke, ba yadi a ƙarƙashin allura, ta taka. Ta sake ɗauko baitin daga farko. Da ta zo wurin ta yi shiru da gangan. Shirun ya yi tsawo har ta fara cewa a ranta kunnenta ne ya yi mata ƙarya.

"Kira."

A asibiti, malamar da ke motsa masa harshe ba ta yi mamaki ba. Ta ce ana samun haka, waƙa da magana ba hanya ɗaya suke bi a cikin kai ba, wani lokaci in ɗaya ta toshe ɗayar na nan a buɗe. "Ki rera, ki tsaya, ki jira. Kada tausayi ya sa ki ƙarasa masa. In ya kama kalmar, ki riƙa rage waƙar kaɗan kaɗan, har kalmar ta tsaya ita kaɗai." Mai Ɗinki ta gane sarai. Haka take yi da yadi mai santsi: ta fara kama shi da manyan ɗinki na hannu, in na gaske ya zauna sai ta zare na farkon.

Bangon ɗakinsu ɗaya ne da shagon Mai Kitso, wadda rediyonta ba ya hutawa, bakinta ma haka. Kwana kaɗan da fara wannan aiki sai ga ta ta leƙo, matsefi soke a gashi.

"Maƙwabciya, lafiya? Tun safe nake jin wani abu ta bango, na ce ko akuya ce ta maƙale a waya."

"Ni ce."

"Ke? Ke da ko ranar auren 'yarki ba a ji muryarki ba, yau kin zama zabiya? Direba, ka ga abin da ka jawo mana? Ka tashi ka karɓi waƙarka kafin ta kore mini masu kitso."

Ɓarin fuskar Direba mai rai ya yi dariya. Da Mai Kitso ta ga yadda ake yi, ta ga kalma ta fito daga bakin da ta ɗauka ya rufe ke nan, sai ta zauna a bakin gado ta yi shiru, abin da ba a saba gani ba. Washegari ta juyo da rediyonta saitin taga.

A da waƙa hayaniya ce kawai a wurin Mai Ɗinki. Yanzu ta koma sauraronta kamar yadda take duba yadi a kasuwa, tana murzawa, tana ɗagawa ga haske. Ta lura mawaƙa ba sa cewa ciwo su tsaya. Wannan ya ce zogi, wancan ya ce raɗaɗi, wata ta ce suka, wata ta ce ƙuna, kuma kowace da inda take zama. Ita kuwa tun kwanciyarsa tambaya ɗaya take masa, "Da ciwo?" Ta tsinto kalmomin ɗaya bayan ɗaya daga waƙoƙin masoyan da ke kuka a rediyon Mai Kitso, ta kawo masa kowace da ɗan guntun amonta. Ba ya son waƙoƙin, a da in ya ji su cewa yake yara sun ƙoshi. Amma ya karɓa. Ran nan ta taɓa kafaɗar, ta jera masa su a hankali, ya bar suka ta wuce, ya bar ƙuna ta wuce, da ta zo kan zogi ya damƙe hannunta.

"Zo... gi."

Ta gaya wa likita, aka canja yadda ake ɗora hannun a kan matashi, ya samu barci. Bayan zogi aka samu ƙishi, aka samu sanyi, aka samu kewa. Ƙishi daga wata waƙa ya fito inda saurayi ke ƙishin ganin budurwa, Mai Kitso ta ce wannan dai an yi asarar soyayya, an mayar da ita kofin ruwa.

Sai dai duk waɗannan da ƙyar suke fitowa, kamar ana jan guga mai nauyi. Waƙar sammako ce kawai ke zubowa da kanta. A cikinta har baiti guda yake ja ba a taimake shi ba.

Shi ya sa ranar da Yaya ya biyo a motar haya don ya duba jiki, Mai Ɗinki ta zaɓe ta. So take ya gani da idonsa cewa asibiti na aiki, a bar mata mijinta.

"Yaya, ku zauna ku ji wani abu."

Ta taka keke, ta ɗauko. Direba ya karɓa, kalma bayan kalma, yatsunsa na buga ƙarfen gado. Fuskar Yaya ta sauya. Ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Ikon Allah. Ni na koya masa wannan, yana yaron motata, ko sitiyari bai kai ba. Wurin maigidana na same ta. Ai doguwa ce, ke kanta kawai kika sani." Sai ya ɗaga murya ya ja layin da ke biye, wanda ita ma ta sani: "*Direba ya zauna, ya gyara madubi...*"

"Mu je! Mu je!" in ji Direba, da ƙarfin da ba ta ji ba tun faɗuwarsa.

Yaya ya share ido da hular. "Kin ji ko? Hanya yake so. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan titi kin kulle shi da keken ɗinki. Ɗakin nan ne ke cinye shi. An samo kayan injin, ƙanwata, ki fara haɗa masa kaya."

Bayan fitarsa ta zauna a ƙasa, bayanta jingine da gado. Ta bi kalmomin waƙar ɗaya ɗaya a ranta. Sammako. Hawa. Tudu. Hanya. Kira. Mu je. Duk na tafiya ne. Da hannunta ta cika masa baki da kalmomin tafiya, ta kuma kira wanda zai tafi da shi ta ce ya zo ya ji. A duk abin da ta tara masa babu kalma ɗaya ta zama.

Ta shiga shagon Mai Kitso ko sallama ba ta yi da kyau ba.

"Ina son waƙar da ake cewa a'a."

"A'a kamar yaya?"

"Wadda mutum ke cewa ba zai tafi ba."

Mai Kitso ta saki kan da take kitsawa, ta yi tunani, ta tafa hannu. Akwai wata da ake yayi, yarinya ce ke rera ta da muryar shagwaɓa: *ku kira ni da safe, ku kira ni da yamma, in ba da shi ba ne, ba ni zuwa.*

"Direba da gemunsa zai yi wannan?" in ji matar da ake wa kitso.

"Zai yi, ko yana so ko ba ya so," in ji Mai Kitso. "Ke dai riƙe kanki."

Ya yi kuwa. Cikin 'yan kwanaki, in Mai Ɗinki ta rera ta tsaya, sai ya ce, "Ba ni zuwa." Ta rage waƙar, ta rage, har ya zama ɗan amo kaɗan take yi a hanci kalmar ta fito. Ranar da ta ga kalmar ta zauna, ta durƙusa a gabansa ta kama hannunsa.

"Maigida, in Yaya ya zo ya tambaye ka, haka za ka ce masa. Ka ji? Ba ni zuwa."

Direba ya zare hannunsa. Ya juya fuska ga bango.

Ta kira shi, bai juyo ba. Ta rera, ya yi gum. A nan wani tsoron ya shige ta, wanda ya fi na ƙarar mota. Ko dai so yake ya tafi? Ko ya gaji da kallonta tana ɗaga shi tana kwantarwa, yana so ya je inda ba za ta gani ba? Ko madallar da ya ce wa Yaya ta gaske ce? Ta tambaye shi kai tsaye, ba waƙa, ta ce ya matsa hannunta in zama yake so. Ya matsa. Ta ce ya matsa in tafiya yake so, don ta tabbatar. Hannun ya yi rawa, kamar ya matsa, kamar bai matsa ba. Ta rasa wanne za ta riƙe.

Motar ta zo da hantsi. Wannan karon ba ta wuce ba, ba ta juya ba. Aka kashe inji, aka buɗe ƙofa biyu. Mai Ɗinki na riƙe da kofin da ta ba shi ƙwayar safe da shi, ya suɓuce mata, ruwan da ya rage ya zuba a ƙafarta.

Yaya ya shigo da bakaniken da ya gyara motar, wani ƙato mai baƙin mai a farce, wanda zai taya shi ɗauka. Ya ce sun kwantar da kujerar baya, sun shimfiɗa katifa, ba zai ji jijjiga ba. Mai Kitso ta fito ta tsaya a tsakar gida, ta harɗe hannu, bakinta a rufe don ba huruminta ba ne.

"Yaya," in ji Mai Ɗinki, "ku sake tambayarsa. Yanzu yana da magana."

"To. Auta, ka shirya?"

Direba ya sunkuyar da kai. Mai Ɗinki ta yi ɗan amon nan a hanci, a hankali, tana fatan Yaya ba zai ji ba. Shiru. Ta ƙara. Ta buɗe baki ta rera layin gaba ɗaya a gaban wan mijinta da baƙon namiji, kunya kamar ta nutse, *in ba da shi ba ne...*

"Ba ni zuwa," in ji Direba, can ƙasa, idonsa a kan zanin gado.

Yaya ya dube ta, ya daɗe. Ba fushi a fuskarsa, abin da ke wurin ya fi fushi ciwo.

"Haba, ƙanwata. Aku kika mayar mini da ɗan'uwa?" Ya juya ga gado. "*Direba ya zauna, ya gyara madubi...*"

"Mu je," bakin Direba ya faɗa kafin ya iya tare shi.

"Kin gani? Abin da aka sa masa a baki shi yake fitarwa. Ki sa naki, in sa nawa, har yamma. Ni ba zan zauna ina kallo ya lalace ba. Malam, kama ƙafafun."

Gaskiya ya faɗa. Ta tsaya jikin keke tana kallo suka ɗaga shi, Yaya ta kafaɗu, bakanike ta ƙafa. Ƙwayoyinsa na kan taga a cikin roba, ba wanda ya dube su. Warin hayaƙin rigunan nan na shekarun baya ya dawo mata a hanci kamar yanzu ta buɗe ƙullin.

A bakin ƙofar ɗaki tafiyar ta tsaya. Direba ya miƙa hannun hagu ya kama katakon ƙofa.

"Saki, Auta, za ka ji ciwo."

Bai saki ba. Babban yatsansa na riƙe da katakon, sauran suka fara bugawa. Tak, tak-tak. Tak, tak-tak. Takun keke ne, ba keke. Sai amo ya fito daga ƙirjinsa, amon waƙar sammako, ba wanda ya ɗauko masa. Mai Ɗinki ta rufe ido, tana jiran mu je.

Bai ce mu je ba. Ya bi ta kan wurin da amo kawai, baki a rufe, ya wuce. Ya shiga wani sashe da ba ta taɓa ji ba, inda waƙar ke sauka ƙasa tana jan jiki. Nan ya tsaya, ya koma, ya sake zuwa wurin, ya tsaya. Kalmomin ba su zo ba. Gumi ya keto masa a goshi. Ya ɗaga ido daga inda yake rataye a hannun wansa, ya kafe shi da kallo, yana ta maimaita amon.

Ita ba ta da abin ba shi, ba ta san baitin ba. Mutum ɗaya ne a duniya ya sani.

Leɓen Yaya ya motsa, kamar ba da izininsa ba.

"*Rana ta yi ja, inji ya yi...*"

"Zafi."

"*Ƙafa ta gaji da taka...*"

"Totur."

"*Ga fitilar gida, ga mai jiran ƙofa...*" Yaya ya tsaya, bai ja layin ƙarshe ba.

Direba ya ja numfashi, ya ja shi da kansa, kowace kalma da nata gumin.

"Mai... gida. Kashe mota. Nan ne... zango."

Bakanike ya dubi Yaya, yana riƙe da ƙafafun, bai san ko ya ajiye ba.

Yaya ya dubi ƙanensa. Ya gwada, a hankali, kamar mai taɓa birki a kan gangara: "*Direba ya zauna, ya gyara madubi...*"

Mai Ɗinki ta ga kalmar ta taso wa mijinta, ta ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya datse leɓe har suka yi fari. Ya riƙe ta. Da ta wuce, sai ya buɗe baki, ba waƙa, ba bugun yatsa, ya dubi wansa.

"Zango. Yaya."

"Mayar da shi," in ji Yaya ga bakanike. "A hankali, kafaɗar nan."

Suka kwantar da shi. Yaya ya gyara masa matashi a ƙarƙashin hannu, ba daidai ba, Mai Ɗinki ta bari sai da ya matsa sannan ta gyara. Ya zauna a kujerar roba, ya daɗe yana juya makullin mota a hannu.

"Yaron nan," ya ce, ba ita yake kallo ba, "tun yana yaron motata bai taɓa ce mini ya gaji ba. Bai iya ba. Sai mu yi tafiyar yini, idonsa ya yi ja, in ce Auta mu ƙarasa? Ya ce to. Amma in ya kai inda ba zai iya ba, sai in ji shi a baya yana jan wannan baitin. Ni kuma in na ji, duk inda muke, sai in gangara gefe in kashe. Ba mu taɓa maganar ba, ni da shi." Ya share fuska da tafin hannu. "Ke kuma kin sa shi ya ce mini ba ni zuwa. Da waƙar 'yan mata."

"Ban san wata ba, Yaya."

"Ina za ki sani, kullum fitarsa kike ji."

Daga tsakar gida Mai Kitso ta ɗaga murya. "Waƙar 'yan matan dai ta yi ƙoƙarinta, Baba, a daina zaginta a gaban mai ita."

Bakanike ya yi dariya, ya tambaya ko a fito da katifar daga mota. Yaya ya ce a bar ta, ai za ta yi amfani ranar asibiti, ya gaji da jin an cusa masa ɗan'uwa a motar haya kamar buhu. Bai ce ya fasa ba, bai ce mai maganin ya yi kuskure ba. Ya dai sa makullin a aljihu.

Mai Ɗinki ta sunkuya ta ɗauki kofin da ya faɗi.

"Yaya, tsakanin na farkon da na ƙarshen, baiti nawa ne?"

"Da yawa. Akwai na ruwan sama, akwai na faci, akwai na mai abincin bakin hanya. Wasu ba na kunnen mata ba ne."

Ɓarin fuskar Direba ya motsa.

"Ku ba ni waɗanda za ku iya," ta ce.

Yaya ya yi gyaran murya, ya dubi rufi yana neman bakin zaren. Ita kuwa ta zauna, ta ɗora ƙafa a kan keke, ba yadi a ƙarƙashin allura, ta fara takawa.